Matar Da Ta Koma Unguwarsu Da Kyamara: Andrea Arnold Da Sana'ar Fim

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na ƙungiya.



Sa'ad da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, an bar mini zaɓi in yi magana a kan duk wani mutum da ya yi fice a sana'arsa. Na san abin da aka yi tsammani: wani likita, ko injiniya, ko wani babban ma'aikacin gwamnati, tun da yake ni ma a ofis nake neman abinci. To, sai ga shi na zo muku da labarin wata Baturiyar Ingila mai shirya fim, wadda ta bar makaranta tana da shekara 16. Ina neman afuwar malamanmu tun da wuri. Ban zo in ce barin makaranta abin kirki ne ba, kuma ban manta da bulalar da ta hana wasunmu yin hakan ba. Ku dai ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Sunan matar Andrea Arnold. Abin da ya fara fito da sunanta duniya shi ne gajeren fim, don haka bari in ɗan yi bayaninsa, tun da mu mun fi sabawa da fim mai kashi na ɗaya har zuwa na huɗu. A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar ta Amurka, gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba, har da sunayen da ake jerawa a ƙarshe. Irin wannan fim ba ya kawo kuɗi. Gidajen silima ba sa sayar da tikiti dominsa, sai dai a nuna shi a bukukuwan baje kolin finafinai, inda 'yan sana'ar da masu zuba jari suke zama su ga wanda ya iya. Watau dai kamar jarrabawar shiga sana'a ce, kuma yawancin waɗanda suka zauna mata ba a sake jin ɗuriyarsu.

An haifi Andrea Arnold ranar 5 ga Afrilu, 1961, ta kuma tashi a garin Dartford da ke gundumar Kent, kudu maso gabashin Landan, tafiyar da ba ta kai mil 20 ba daga tsakiyar birnin. Lokacin da aka haife ta uwarta tana da shekara 16, ubanta 17. Zaman bai daɗe ba, sai uwar ta ci gaba da renon 'ya'ya huɗu ita kaɗai, Andrea ce babbarsu. A rukunin gidajen ƙaramar hukuma suka zauna. Waɗannan gidaje ne da hukumomin Birtaniya suka gina da yawan gaske, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, suna ba ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi haya da rahusa. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ta ba mazauna damar sayen gidajen da suke ciki da rangwame. Masu ɗan hali suka saye masu kyan, waɗanda suka rage a hannun hukuma kuwa suka ƙara zama matattarar waɗanda suka fi kowa talauci. A Ingila ta yau, in aka ce wance 'yar gidajen hukuma ce, sau da yawa an riga an yanke mata hukunci ke nan tun ba a gan ta ba. Ku riƙe wannan, domin duk aikin matar nan a kansa ya ginu.

Da ta bar makaranta, rawa ce ta fara ba ta abinci. Ta koma Landan, ta shiga cikin 'yan rawar wani shirin kaɗe-kaɗe na BBC mai suna Top of the Pops. Daga nan ta sami gurbi a wani shirin yara na safiyar Asabar, No. 73, wanda tashar ITV ta nuna daga 1982 zuwa 1988, inda ta fito a matsayin wata yarinya mai suna Dawn da ke yawo a kan takalma masu taya. Yaran Ingila na wancan zamani da haka suka san ta. Ta yi wajen shekara goma a gaban kyamara, har ta rubuta ta kuma gabatar da wani shiri a kan muhalli. Aiki ne mai albashi da suna, wanda da yawanmu da mun samu sai mu miƙe ƙafa har ritaya. Ita kuwa sai ta ajiye shi, ta tafi birnin Los Angeles ta shiga makarantar koyon shirya fim ta American Film Institute. Kun ga ashe ta koma aji, malamanmu sai su ɗan saki fuska.

Gajeren fim ɗinta na farko da aka sani, Milk, watau Nono, ya fito a 1998. Tana da shekara 37 ke nan, sa'ar yawancin 'yan ajinmu da suka fara cewa mun tsufa. Labarin wata mata ce da ta haifi ɗa ba rai, ta kasa zuwa wurin binne shi, ta fita yawo ba ta san inda ta nufa ba, alhali jikinta bai san ɗan ya mutu ba, nono yana ta zuba. Na biyu, Dog, watau Kare, ya fito a 2001. Wata budurwa ce 'yar gidajen hukuma ta fita da saurayinta, ya kashe wani kare da shuri a gabanta saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Ta dawo gida, uwarta ta tarbe ta da faɗa, ita kuwa maimakon ta yi magana sai ta shiga haushi kamar kare. Kowannensu kamar minti goma ne. Daga nan ake fara ganin ɗabi'ar da ba ta taɓa rabuwa da ita ba: za ta ajiye wata dabba kusa da mutum, ta bar mai kallo ya yi ta duban su biyun.

Sai na uku, wanda shi ne dalilin wannan jawabi. Sunansa Wasp, watau Rina, wannan ƙwaro mai harbi da muke cewa akwai shi a kaba. Ya fito a 2003, tsawonsa minti 26, kuma a Dartford ta ɗauke shi, garin da ta tashi. Ku yi haƙuri in ba ku labarin dalla-dalla, domin in na taƙaita shi zan yi masa irin laifin da nake so in yi magana a kai.

Fim ɗin ya buɗe da wata matashiya mai suna Zoe, wadda 'yar wasa Natalie Press ta fito a matsayinta, tana saukowa daga bene a fusace, ba takalmi, da rigar barci, ta rungumo jariri, 'yan mata uku ƙanana suna biye da ita. Gidan maƙwabciya ta nufa, wadda 'yarta ta doki tata. Aka yi kokawa a kan ciyawa, aka ja gashi, aka yi zage-zage, har aka yi mata gori cewa irinta ya kamata hukuma ta ƙwace wa 'ya'ya. Wannan ba gorin banza ba ne, domin a Birtaniya ma'aikatan kula da walwalar yara suna da ikon zuwa kotu su karɓe yaro daga hannun uwar da aka tabbatar ba ta kula da shi. A kan hanyar komawa gida sai ga wani tsohon masoyinta, Dave, wanda Danny Dyer ya fito a matsayinsa, ya tsaya da mota. Ya tambaye ta yaran nan fa? Sai ta ce na ƙawarta ne, reno aka ba ta. Ya gayyace ta mashaya da yamma, ta amsa.

A gida babu abinci. Burodin da ya rage ya yi funfuna. Ta ɗauko ledar sukari ta miƙa wa yaran su lasa. Ta ƙirga 'yan sulallan da ke gare ta, ta nemi wanda zai zauna mata da yara ta rasa. Wani rina yana ta bugun gilashin taga yana neman hanyar fita, ta buɗe masa. Da yamma ta ci ado, ta tura keken jariri, ta jera yaran har bakin mashaya, ta ce su jira ta a waje kada su kuskura su shigo, kada kuma su kira ta Mama. A ciki Dave ya ce ita za ta fara sayen abin sha, bai san kuɗin nan su ne ke nan ba. Da abin da ya rage ta sayo wa yaran kofin lemo ɗaya da soyayyen dankali na leda, ta fito ta ba su, ta ɗan taka rawa da su a wurin ajiye motoci don ta faranta musu rai, ta koma ciki. Rana ta faɗi, dare ya yi. Babbar yarinyar ce ta zama uwa. Yunwa ta sa suka tsinci ragowar haƙarƙarin nama da wasu masu wucewa suka yar, suka ci, suka shafa wa jaririn romon a baki. Zaƙin nan ya jawo rina. Ya sauka a fuskar jaririn, ya bi leɓe, ya shige cikin bakinsa. Yaran suka ƙwalla ihu suna kiran Mama, Zoe ta fito daga motar Dave a guje. Na ɗan lokaci ba mai iya yin komai, domin in aka taɓa jaririn ƙwaron zai yi harbi a maƙogwaro. Can sai rinan ya fito da kansa ya tashi. Ƙarya ta ƙare. Abin da aka gani daga ƙarshe shi ne yaran cikin motar Dave suna cin abincin da aka sayo musu, shi kuma ya ce da ita akwai maganar da za su yi, motar ta tafi. Ba a nuna ko zai zauna da ita ko zai gudu ba.

Jama'a, ni aikina karanta fayil ne. In da labarin Zoe ya iso teburina a rubuce, layi huɗu sun ishe shi: ta yi faɗa a titi a gaban 'ya'yanta, ta musanta cewa ita ta haife su, ta bar su a ƙofar gidan giya har dare, jariri ya kusa halaka. Duk gaskiya ne, ba ƙari ko ɗaya. Zan rubuta a ƙasa a ɗauki mataki, in sa hannu, in tura gaba, in tafi gida da zuciya fes. Abin da Andrea Arnold ta yi shi ne ta ajiye duk waɗannan huɗun a gabanka, ba ta ɓoye ko ɗaya ba, ba ta kuma ƙirƙiro wa matar wani uzuri ba, amma ta hana ka tsayawa nesa. Kyamarar tana kafaɗar mai ɗauka, wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Robbie Ryan, tana bin Zoe a guje, tana sauka daidai tsawon yaran in suna kallon manya. Kana ganin hannunta yana ƙirga kuɗi, kana ganin fuskarta sa'ad da ta tuna ita ma yarinya ce da ba wanda ya ce yana so tun da daɗewa. Ka fito daga kallon kana jin haushinta, kana kuma jin tsoron kada a ƙwace mata yaran, duka biyun a lokaci guda. Ni a ganina wannan shi ne gwanintar, kuma ba na jin wanda ya tashi a wata unguwa dabam zai iya ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'ya huɗu, uwa ƙarama ita kaɗai, babbar 'ya tana lura da ƙanne, garin Dartford: lissafin ba shi da wuya.

Fim ɗin ya ci kyaututtuka da dama, har da ta bikin Sundance na Amurka a 2005. Ranar 27 ga Fabrairu na wannan shekara aka ba shi Oscar na gajeren fim. A shekarar nan masu shirya bikin, don rage ɓata lokaci, sun ba da wasu ƙananan kyaututtuka a tsakiyar 'yan kallo maimakon a kan dandamali, kuma tata tana ciki. A 'yar godiyar da ta yi, gaban duniya, ta kwatanta daɗin da ta ji da wata kalma ta 'yan tasha irin ta Ingila, wadda ba zan iya fassara ta a gaban malamaina ba. Tana da shekara 43.

Bayan Oscar ƙofa ta buɗe, sai dai ba ta nufi Hollywood ba. Ta shiga wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin wani kamfanin Sikotilan da kamfanin Zentropa na ƙasar Denmak, wanda Lars von Trier yake cikin waɗanda suka kafa shi. Sharaɗin shi ne sababbin daraktoci uku za su yi fim uku a Sikotilan da mutanen labari iri ɗaya da 'yan wasa iri ɗaya, kowa ya tsara nasa labarin. Nata shi ne Red Road, na 2006, sunan wasu dogayen benaye na gidajen hukuma a birnin Glasgow, masu hawa kimanin 30, waɗanda aka gama rushewa a 2015. Jackie ma'aikaciya ce a ɗakin da ake lura da kyamarorin tsaro na birni. Kullum tana zaune gaban allunan talabijin da yawa tana kallon mutanen da ba su san ana kallonsu ba. Wata rana sai ta hango mutumin da ya kashe mata miji da 'ya sa'ad da yake tuƙi cikin maye, an sako shi daga kurkuku kafin lokacin da ta zata. Ta bar allo ta sauko titi, ta bi shi har gida, ta ɗana masa tarkon da zai mayar da shi gidan yari, daga baya kuma ta janye. Ku lura, maganar dai ita ce ta farko: yadda mutum yake a allo daga nesa, da yadda yake in ka zauna ɗaki ɗaya da shi. Fim ɗin ya shiga babbar gasar bikin Cannes na Faransa, abin da ba kasafai fim ɗin farko yake samu ba, ya kuma ci kyautar alƙalai.

Fish Tank na 2009 shi ne wanda da yawa suke ɗauka ya fi duka, ni ma ina cikinsu. Sunan yana nufin akwatin gilashin nan da ake kiwon kifi a falo, inda kifin yake ganin waje amma ba hanyar fita. Mia yarinya ce 'yar shekara 15, mai zafin kai, tana zaune da uwarta da ƙanwarta a gidajen hukuma na gabashin Landan wajen iyakar Essex, ba abin da take so kamar rawa. Uwar ta kawo sabon saurayi, Michael Fassbender ne ya fito a matsayinsa, mutum mai fara'a, shi ne na farko da ya taɓa yaba wa yarinyar, kuma shi ne ya ci amanarta. Yadda aka samo wadda ta yi Mia shi ma labari ne. An gwada 'yan wasa da yawa ba a dace ba, sai wata mai nemo 'yan wasa ta ga wata budurwa a tashar jirgin ƙasa ta Tilbury tana zazzaga wa saurayinta masifa daga wannan gefen layin dogo zuwa wancan. Sunanta Katie Jarvis, ba ta taɓa yin wasan kwaikwayo ba. An ɗauki fim ɗin bi da bi yadda labarin yake tafiya, kuma ba a ba 'yan wasan rubutun gaba ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan, don kada su san abin da ke gaba. A nan ne kuma ita da Robbie Ryan suka koma ga hoto matsattse mai kusan kusurwa huɗu daidai, irin na tsohon akwatin talabijin, wanda mutum ɗaya yake cika shi. Cannes ta sake ba ta kyautar alƙalai, sa'an nan a 2010 hukumar BAFTA ta zaɓe shi fim ɗin Birtaniya mafi kyau. A 2011 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta OBE.

Malamanmu na adabin Turanci sun san littafin Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, tun da hukumar WAEC ta sa shi cikin littattafan jarrabawa na 2021 zuwa 2025. A 2011 Arnold ta mayar da shi fim a tsaunukan Yorkshire, cikin taɓo da iska da ruwan sama, kusan ba kiɗa. Ta ba wani baƙar fata ɗan birnin Leeds, James Howson, wanda shi ma bai taɓa wasa ba, matsayin Heathcliff. Wasu sun yi gunaguni, amma littafin da kansa ya nuna yaron mai duhun fata ne, an kuma tsince shi ne a titin Liverpool, tashar jiragen ruwan da ta yi ƙaurin suna a cinikin bayi. Bikin Venice ya ba Robbie Ryan kyautar ɗaukar hoto. Ban da haka fim ɗin bai karɓu sosai ba, ni ma gaskiya na sha hamma a rabinsa na biyu.

Daga nan ta haye Amurka. Wani rahoto da jaridar New York Times ta buga a 2007 a kan matasa marasa galihu da ake kwasa a mota ana yawo da su jiha-jiha suna tallar mujallu gida-gida shi ya ja hankalinta. Ta yi ta tuƙi a ƙasar don ta gani da idonta, kana ta ɗebi matasa, yawancinsu ba 'yan wasa ba, suka bi hanya daga Oklahoma har Dakota ta Arewa suna ɗauka. Jarumar, Sasha Lane, a bakin teku a Florida ta tsince ta tana hutun makaranta. American Honey ya fito a 2016, ya kusa awa uku, kuma ya kawo mata kyautar alƙalan Cannes karo na uku. Wani abin sha'awa, a 2006 da 2016 duka, babbar kyautar bikin wani ɗan ƙasarsu ne ya ɗauke ta, dattijo Ken Loach, wanda shi ma a kan talakawan Birtaniya ya ƙare rayuwar aikinsa. Bambancinsu, a nawa ganin, shi Loach yakan nuna maka wanda ya jawo talaucin da dokar da ya kamata a gyara, ita kuwa ba ta cika tsayawa kan wannan ba.

A nan ne masu suka suke shigowa, kuma bai kamata in ɓoye muku ba. Akwai masu cewa irin waɗannan finafinai tallar talauci ne: a ɗauko wahalar mutane a kai wa masu kwat da kuɗi su kalla a bakin tekun Faransa, su tafa, su tafi cin abincin dare, unguwar tana nan yadda take. Akwai kuma tambayar makomar yaran da ake tsinta a tasha ko bakin teku, a haska su shekara guda, sa'an nan guguwa ta lafa. Wasu sun ci gaba da sana'ar, kamar Sasha Lane, wasu kuwa fim ɗaya ke nan. Ban raina wannan suka ba. Abin da zan ce kawai shi ne ita ba baƙuwa ba ce da ta leƙa ta katanga, kuma a finafinanta talaka ba abin tausayi kaɗai ba ne, yana rawa, yana ƙarya, yana ba da dariya, yana cuta, ana cutarsa. Haka nan ina jan kunnen wanda zai je ya nemo su: akwai giya, da ashar, da tsiraici a cikinsu, ba kallon falo da iyali ba ne, kuma akwai wuraren da ni kaina nake ganin labarin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da su ba.

Girman suna bai hana ta shan ɗaci ba. Ta ba da umarni a kashi na biyu na wasan talabijin Big Little Lies na tashar HBO, wanda ya fito a 2019, mai taurari irin su Meryl Streep da Nicole Kidman. Da aka fara nunawa sai rahotanni suka fito cewa bayan an gama ɗauka an karɓe aikin yankewa da haɗa hotuna daga hannunta an miƙa wa daraktan kashi na farko, Jean-Marc Vallée, don a mayar da shi irin salonsa. Shugabannin tashar sun ce ba haka abin yake ba, a talabijin dama darakta ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba. Duk wanda ya taɓa rubuta takarda ya ga ta fito da sa hannun wani, an kuma sake mata kama, ya san yadda abin yake a rai.

Sai ta koma Kent, wannan karon wurin saniya. Cow, na 2021, fim ne na gaskiya ba wasa ba, wanda aka yi shekara kusan huɗu ana ɗauka a wata gonar madara. Saniyar sunanta Luma. Babu mai sharhi, babu wanda aka yi hira da shi, kyamara tana daidai idon saniyar. An fara da haihuwarta, tana lasar ɗan maraƙin, ba da jimawa ba aka raba su, domin a irin waɗannan gonaki madarar ta kasuwa ce, maraƙi da roba ake shayar da shi. Mu da muka saba ganin an saki maraƙi ya fara tsotsa kafin a yi tatsa, wannan wuri yana da wuyar kallo. Luma ta tsaya ta dubi kyamara ta yi ta kuka. Daga nan sai injin tatsa, da barbara, da wata haihuwar, da wata rabuwar, hantsarta tana ƙara nauyi har tafiya ta zame mata aiki. Ma'aikatan gonar ba mugaye ba ne, suna kiranta da suna, suna lallashinta, aikinsu suke yi. Ran da ta daina amfani, aka kai ta wani ɗaki, aka ajiye mata abinci a bokiti, tana cikin ci aka harbe ta. Wata uwa ce kuma da aka raba da 'ya'yanta, kamar yadda aka yi wa Zoe barazana shekara 18 kafin nan.

A 2024 ta fito da Bird, watau Tsuntsu, labarin wata yarinya 'yar shekara 12 da ubanta matashi, wanda Barry Keoghan ya fito a matsayinsa. Ya shiga gasar Cannes, kuma a wannan bikin ne ƙungiyar daraktocin Faransa ta ba ta lambar Carrosse d'Or saboda ɗaukacin aikinta. An ɗauki fim ɗin a yankin Gravesend da ke arewacin Kent, 'yan mil kaɗan daga wurin ajiye motocin da yaran Zoe suka yi jira.

Malam Shugaba, na ga mai kula da lokaci ya ɗaga mini takarda karo na biyu, kuma ƙanshin abinci ya fara shigowa ta taga. A nan zan dasa aya.